Igiyar Awo Ba Ta da Launin Ƙiba: Kundin Aikin Kwamitinmu a Maraɗi

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau muka yi zaman farko a zauren mai unguwa, mu bakwai: ni da nake koyarwa a makarantar firamare kuma aka ɗora wa riƙon alƙalami, da ma'aikaciyar jinya wadda ta shafe shekaru tana awon yara a asibitin unguwa, da ungozoma, da limamin masallacinmu, da mata biyu daga cikin masu adashe, da wani matashi mai koya wa yara ƙwallo. Abin da ya tara mu shi ne maganar da ma'aikaciyar jinyar ta daɗe tana nanata mana, cewa a layin awo, inda a da ramammun yara kaɗai ke ɗaga mata hankali, yanzu jefi-jefi takan ga yaron da nauyinsa ya zarce tsayinsa nesa ba kusa ba, kuma ba ɗan masu hali ba, ɗan mai tura baro ko ɗan mai wankau.

Na karanta wa zaman abin da asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar a watan jiya, cewa a karon farko a duniya yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 19 masu fama da ƙiba sun fi masu ƙarancin nauyi yawa, kashi 9.4 cikin ɗari a kan kashi 9.2, wato masu ƙibar sun kai wajen miliyan 188. Na kuma karanta musu inda rahoton ya ware Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya, inda har gobe rama ce a gaba. Liman ya yi tambayar da ta dace: a ƙasa irin Nijar, inda fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙananan yara suka tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu, da wane baki za mu shiga gidajen mutane da zancen ƙiba? Amsar da muka iya bayarwa ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna masu nauyi fiye da ƙima a cikin ƴan shekara 5 zuwa 19 sun tashi daga kashi 8 a 1990 zuwa kashi 20 a 2022, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mun tsayar da shawara cewa za mu fara da saurare, ba za mu yi wa kowa wa'azi ba sai mun ji abin da iyaye suke gani.

Asabar, 18 ga Oktoba

Zaman mata ya gudana bayan la'asar a tsakar gidan ungozoma, kuma ba na jin zan manta da shi. Ban gama gabatar da abin da ya kawo mu ba wata dattijuwa ta ɗaga hannu, jikanta mai shekara huɗu yana jingine da ita, kumatunsa cike, wuyansa ya yi ninki biyu. Ta ce: "Ɗana, kai malami ne, amma bari in tambaye ka. Shekarar da aka riƙa kwasar yara zuwa wurin likitocin Turawa, kana ina? Ni jikoki biyu na goya zuwa can, ɗaya na dawo da shi. Yanzu Allah ya ba ni wanda ya cika ido, ka zo ka ce mini ciwo ne?"

Shekarar 2005 take nufi, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka karɓi dubban yara masu tamowa a wannan jiha. Na ce mata: "Inna, ina nan, kuma ɗiyar yayata tana cikin waɗanda aka kwantar." Daga nan ban ƙara komai ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma babu adadin da zan karanto da zai kai nauyin abin da ta goya a bayanta.

Sauran matan suka ɗora. Sun ce ramammen yaro abin gori ne ga uwa, uwar miji za ta ce nononta ba shi da kyau, kishiya za ta yi habaici, maƙwabta za su ce maigida ya kasa. Yaro mai ƙiba kuwa shaida ce da ake ɗauka zuwa gidan suna da gidan biki, kowa ya karɓe shi ya ce tubarkalla. Wata matashiya ta faɗi, cikin jin nauyi, cewa akwai masu saya wa yara maganin ƙara cin abinci daga masu tallar magani a kan tire, har da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Ma'aikaciyar jinyar ta bayyana musu cewa wasu daga cikin ƙwayoyin suna kumbura fuska ne kawai, suna tara ruwa da kitse, suna raunana garkuwar jiki, suna kuma hana yaro tsawo.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ta fito daga bakin wata mai ƴaƴa biyar. Ta zaro igiyar awon damtse daga cikin jakarta, irin wadda aka koya wa uwaye amfani da ita ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5: ja idan damtsen bai kai milimita 115 ba, rawaya daga nan zuwa 125, kore idan ya wuce haka. Ta ce: "Ku kuka koya mana kore lafiya ne. Nawa ya daɗe a kore, har igiyar ta kusa ƙarewa. To ina launin ƙiba?" Ma'aikaciyar jinyar ta amsa da gaskiya cewa babu shi, domin an yi igiyar ne don ceton wanda yunwa za ta kashe. Shekara da shekaru saƙo ɗaya ake isar wa waɗannan mata, cewa ƙari alheri ne, kuma sun riƙe shi da kyau. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Wani abu guda ya ba mu ƙofa. Tsofaffin sun san bambancin ƙiba da kumburin tamowa fiye da mu, sun san a danna babban yatsa a kan ƙafar yaro na ɗan lokaci, idan gurbin ya zauna to ciwo ne, a garzaya asibiti. Ashe tuni sun yarda cewa ba kowane cikar jiki ne lafiya ba, kuma daga nan ya kamata mu kama zaren.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mun soke sunan da muka fara ba aikin, mai ɗauke da kalmar yaƙi da ƙiba. Mai koyar da ƙwallo ya kawo misalin da ya fi namu: a jihar da ta fitar da Kantu, shahararren ɗan kokawa, kowane yaro ya san cewa ɗan kokawa mai teɓa ba shi ne ke ɗaukar takobin gasar kokawa ta ƙasa ba, sai mai ƙashi da tsoka da dogon numfashi. Daga yau zancenmu shi ne ƙarfi, wato wane abinci ne ke sa yaro ƙarfi da tsawo da kaifin kai. Liman ya ce zai taɓo ayar da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, da hadisin kasa ciki uku, amma sai a lokacin da ya ga ya dace.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mako biyu ke nan ina tsayawa a bakin ƙofar makaranta lokacin hutun safe, ina kallon abin da yara ke saye. Akasarinsu suna fitowa daga gida ba su karya ba, kuma da na bincika na gane dalilin ba sakaci ba ne. Hura wuta da asuba na cin itace ko gawayi, uwa kuma tana da sammakon ɗiban ruwa ko na sana'a, saboda haka miƙa wa yaro dala biyar ko dala goma ya fi sauƙi da araha a kan dama koko. Da wannan kuɗi yaron zai tsaya gaban tire, inda fanke da biskit da alawa da ƙanƙarar leda mai launi ke jere a gaba, taliya da mai da yaji na gefe.

Na lura da wata yarinya ƴar shekara bakwai da ta kwance kuɗinta daga bakin hijabi, ta juya shi a tafin hannu, ta dubi ƙosai, ta dubi ƙanƙara, sannan ta zaɓi ƙanƙara biyu maimakon ƙosai biyu. Ta huda ledar da haƙori, ta tsotse, harshenta ya rine ja wur. Na tambaye ta dalili, ta ce: "Malam, wannan ya fi daɗewa a baki." Lissafin da ta yi daidai ne a wurinta, kuma shi ne lissafin da kusan dukansu suke yi.

Abin da na fahimta, wanda nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin nan gaba ɗaya, shi ne tire ɗaya ke ciyar da ramamme da mai ƙiba. Wanda gidansu babu komai, wannan gari da sukari da mai shi ne abincinsa har dare, sai ya ci gaba da ramewa. Wanda gidansu akwai ɗan abin taɓawa, ko uwarsa ke sayar da soye-soye yana cin ragowa, sai ya tara kitse. Dukansu biyu jikinsu na neman wake da gyaɗa da ganye da nono da ƙwai, bai samu ba. Idan muka gyara tiren, mun taimaki yara biyun a lokaci guda, kuma babu kakar da za ta ce mun zo rage wa jikanta abinci.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Mun je fada uku, wato majalisun da maza ke zaman shayi, da dare domin jin ta bakinsu. Na tafi da kwalbar lemo mai gas ta santilita 33, da cokalin shayi, da kofin gilashi. Irin wannan kwalba tana ɗauke da sukari wajen giram 35, na auna cokali tara a gabansu na zuba a kofin, har ya kusa cika. Na gaya musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini, kuma ya fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5, wato wajen cokali shida ga babban mutum, balle yaro. Mai dafa shayin ya dakata da ɗaga butarsa, ya dubi ledar sukarin da ke gabansa, domin a fadar nan zubi na uku, wanda ya fi kowanne zaƙi, yaran da ke raɓe a gefe ake miƙa wa.

Wani magidanci mai kabu-kabu ya yi magana mai nauyi. Ya ce: "Malam, ni ba ni da kuɗin tsire kullum. In na dawo da dare yara sun tarbe ni, me zan sa musu a hannu? Biskit da lemo su ne abin da aljihuna ke iya kaiwa, kuma da su suke sanin babansu ya dawo." Ban yi masa musu ba, tsaraba ƙauna ce. Abin da muka tattauna shi ne ko kuɗin nan zai iya komawa ga lemon zaƙi ko gwaiba ko dafaffen ƙwai ko ƙullin gyaɗa, kuma su da kansu suka lissafa farashi suka ga tazarar ba ta da yawa, sai dai biskit ana samunsa a kowane shago har tsakar dare, ƴaƴan itace kuwa sai an nema tun da rana. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Jibiya ya ambaci harajin naira goma a kan kowace lita da Najeriya ta sa wa lemunan zaƙi, amma zancen bai yi nisa ba, domin mutanen fada sun ce wannan na manya ne, su abin da ke hannunsu suke so a tattauna.

Asabar, 13 ga Disamba

Masu sayar da abinci a ƙofar makaranta yawancinsu zawarawa ne da matan da mazansu suka tafi cirani, da wannan tire suke riƙe gida. Da muka zauna da su, babbarsu ta ce mini: "Malam, in na rage sukari a zoɓona ni kaɗai, yaran gaba ɗaya za su koma wurin ƙawata, in kwashi kayana in koma gida. Ko dai mu rage tare, ko kowa ta bar nata yadda yake." Da wannan magana ta warware mana abin da muka kwana muna juyawa. Sun amince su rage tare, kaɗan-kaɗan duk mako ta yadda harshen yara ba zai farga ba, sun kuma zaɓi ɗaya daga cikinsu ta riƙa ɗanɗanawa.

Mun kuma gwada tire na biyu: dafaffiyar gyaɗa, aya wadda jihar nan ta yi suna wajen nomanta, dafaffen dankali, awara, da kwaɗon zogalen Jirataua. Gyaɗa da aya da awara sun ƙare tun kafin a koma aji. Kwaɗon zogale ya kwantai kwana uku a jere, yaran sun ce abincin tsofaffi ne, kuma asarar mu muka haɗa daga aljihunmu muka biya mai shi, domin da bakinmu ta saya. A mako na biyu ta ƙara ƙuli-ƙuli da albasa, ta riƙa ɗora yankan awara a kai, ƴan mata manya suka fara saye. Ma'aikaciyar jinyar ta tunatar da mu cewa awara da ƙosai soyayyu ne, amma wake ne a cikinsu, kuma sun fi biskit amfani nesa ba kusa ba, sai dai a kula da man da aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Batun motsa jiki bai zo mana yadda muka zata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum yana wasan da zai sa shi haki, amma mafi yawan yaran unguwar nan, masu ɗiban ruwa da talla da aike, sun wuce haka tun kafin azahar. Waɗanda ke zaune su ne ƴan matan da aka daina bari su fita da zarar sun fara tasawa, da ƙananan da ake ba waya su yi shiru. Filayen da muka yi langa a cikinsu muna yara duk an yanka an gina, titi kuma babura da adaidaita sun mamaye shi. Shugaban makarantarmu ya yarda a buɗe harabar da yammacin Alhamis da Lahadi, iyaye mata kuma suka gindaya sharaɗin cewa sai da babbar mace a wurin. Ungozoma ta ɗauki nauyin, kuma a ranar farko ita ta ba da waƙar gaɗa, ƴan matan suna amshi suna tafi.

Asabar, 24 ga Janairu

Na yi kuskure, kuma wajibi ne in rubuta shi a nan. Ranar da muka fara awon nauyi da tsayi, na bari aka ajiye sikelin a gaban aji, ana kiran suna ana faɗin adadi da ƙarfi. Da wata yarinya ƴar shekara goma ta hau, wani yaro ya ce buhun gero, aji ya ɗauka. Kwana biyu ba ta zo makaranta ba. Na je gidansu bayan magariba, na yi sallama da mahaifinta, na ce masa laifin nawa ne, ba na yaran ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, tun ranar ba ta cin tuwo, ta ce so take ta rame." Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin mun fito neman lafiyar yara mun sa yarinya ta ƙaurace wa abinci.

Washegari ma'aikaciyar jinyar ta je ta zauna da ita da mahaifiyarta. Ta bayyana musu cewa yaro mai girma ba a hana shi abinci, abin da ake so shi ne a janye lemo da alawa, a ƙara wake da ganye, a bar tsawo ya kamo nauyi. Yarinyar ta dawo aji. Daga yau awo a ɗaki yake, yaro ɗaya da uwarsa ko kakarsa, adadin kuma a rubuce cikin kati, ba a furta shi.

A zaman awon ne muka ga abin da ya fi saurin shiga zuciyar iyaye, wato ciwon sukari da hawan jini. Babu gidan da bai san wani da aka yanke wa yatsa ko ƙafa ba, ko wanda kuɗin allura ya cinye masa jari. Da aka gaya musu cewa yaron da ya tsumbure yana ƙarami, sannan ya zo ya tara ƙiba da sauri, ya fi shiga haɗarin waɗannan cututtuka idan ya girma, sai na ga fuskoki sun sauya, domin yaran da suka tsallake tamowa nasu ne. Ungozoma ta yi amfani da damar ta tuna wa masu goyo cewa nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwan sukari, ba shayi, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, kwalayen sukari sun fara taruwa a gaban shaguna, kowa na shirin kai wa surukai da iyaye kamar yadda aka saba. Ba mu da niyyar taɓa wannan al'ada. Abin da muka roƙi liman shi ne ya yi magana a kan shan ruwan yara, a fara da dabino da ruwa da kunu mai sauƙin zaƙi kafin a kai ga lemo. Ya ce zai yi a daren farko na tafsiri. Masu tire sun sanar da mu cewa sun rage sukarin zoɓo sau huɗu ba tare da ciniki ya faɗi ba, sai dai biyu daga cikinsu sun koma yadda suke a da, suna cewa wata sabuwar mai saye da sayarwa da ta kafa tire a tsallaken titi tana janye musu yara. Babbarsu za ta je ta same ta ranar Litinin, ni kuma zan nemi mai unguwa ya sa baki idan ta ƙi.

Dattijuwar nan ta zaman Oktoba ta zo awo da jikanta da safiyar yau, ba wanda ya aika mata. Ta miƙa katin, ta ce wa ma'aikaciyar jinyar: "Ɗiyata, na daina sa mashi sukari a hura, da nono kawai nake dama mashi. Amma kada wanda ya ce mini in rage mashi tuwo." Aka ce mata babu mai cewa haka. An auna shi, an rubuta, an ba ta ranar dawowa bayan Salla. Sauran aikin da ke gabanmu kafin lokacin shi ne samun sikeli na biyu da allon awon tsayi, domin wanda muke aro ana bukatarsa a asibiti ranakun rigakafi, da kuma zama da malaman makarantun allo, waɗanda har yanzu ba mu ji ta bakinsu ba.